Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga likitoci da malaman jinya: ku daina sallamar mashaya sigari da amsa mai kalma biyu

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da sannu da aiki, mai rubuto muku wannan wasiƙa mutum ne da ya shafe shekara 19 yana shan sigari, ya rabu da ita shekara 4 da suka wuce. Sigarin lantarki, wadda matasa ke kira bef, tana cikin abubuwan da suka raba ni da taba. Ban zo yi mata talla ba, domin ita ma sai da na yi wata 14 ina kokawa da ita kafin na iya ajiye ta. Abin da ya kawo ni ƙorafi ne da roƙo, kuma duka biyun a kan yadda kuke amsa mana tambaya ne.

Sau biyu na taɓa tambayar ma'aikacin lafiya game da wannan na'ura. Na farko ko kai bai ɗago daga rubutun da yake yi ba, ya ce, "Duk guba ce, ka bar su duka." Na fito ina cewa a raina, tunda duk ɗaya ne, gara wadda na saba da ita. Na ƙara kusan shekara guda ina busa hayaƙi. Ta biyun ta yi murmushi ta ce, "Ai gara wannan, ci gaba kawai." Na ci gaba kuwa, ina zuƙar na'ura da rana, ina kunna kara uku ko huɗu da safe da bayan cin abinci, ina ganin na yi nisa a hanya. Babu ɗayansu da ya tambaye ni kara nawa nake sha a rana, ko minti nawa nake yi bayan na farka kafin na kunna na farko, ko ƙarfin ruwan nikotin ɗin da ke cikin na'urar tawa. Ban ɗora musu laifin mugunta ba. Na san layi yana da tsawo, lokaci kuma ba ya isa. Amma kowace amsa a cikin biyun ta ci ni watanni, kuma abin da nake bukata a lokacin bai wuce bayanin minti biyar ba.

Da yake da yawanku ba ku taɓa sa kara a baki ba, ku yi haƙuri in fara da abin da kuka karanta a makaranta, in haɗa shi da abin da jikina ya gaya mini.

Idan mashayi ya zuƙa, hayaƙin yana gangarawa can ƙasan huhu, nikotin ya ratsa cikin jini, jinin ya koma zuciya, ita kuma ta harba shi sama. Cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 ya isa ƙwaƙwalwa. A can yana tarar da wasu makarɓai waɗanda asali an tanade su ne domin wani sinadari na jiki mai suna asetilkolin, sai ya shige su kamar mabuɗin aro da ya dace da kwaɗo. Suna buɗewa sai dofamin, sinadarin jin daɗi na ƙwaƙwalwa, ya zubo, mutum ya ji wata 'yar natsuwa, hankalinsa ya dawo wuri ɗaya. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2006 da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ya nuna cewa zuƙa ɗaya ko biyu kacal tana cike rabin irin waɗannan makarɓai, kara guda kuwa yana cike kusan kashi 90 cikin 100. Kara ɗaya yana ɗauke da nikotin miligiram 10 zuwa 12, amma abin da ke shiga jini bai wuce miligiram 1 zuwa 2 ba. Yawan ba wani abin a zo a gani ba ne. Saurin isowar ne ke ɗaure mutum, domin ƙwaƙwalwa tana saurin koyon duk abin da ladarsa ke zuwa nan take. Ku lissafa: mai shan kara 20 a rana, idan yana yi wa kowane kara zuƙa 10, ya maimaita darasin sau 200 ke nan kullum, sau 73,000 a shekara. Ni na yi shekara 19 ina wannan karatu, ban taɓa fashin rana ɗaya ba.

Hanta kuwa ba ta jira. Duk bayan kamar awa 2 ta kawar da rabin nikotin ɗin da ke cikin jini. Ga shi kuma ƙwaƙwalwar da ta saba ta riga ta ƙara yawan makarɓanta, to da zarar sun fara zama fanko sai su fara kuka. Wannan kukan shi muke kira ƙawa. A jiki tana zuwa kamar wani rami a tsakiyar ƙirji, da ƙaiƙayi a maƙogwaro, da saurin fushi, har mutum ya karanta layi ɗaya sau uku bai fahimta ba. Ta fi tsanani da asuba, saboda dare ya wanke jinin. Shi ya sa tambayar nan ta "minti nawa kake yi bayan ka farka kafin ka kunna?" take cikin ma'aunin Fagerström, na auna yadda nikotin ya ɗaure mutum, da kuke da shi a littattafanku. Wanda ke kunnawa cikin minti 5 da wanda ke kai wa azahar ba ciwo ɗaya suke yi ba, bai kamata a ba su magani ɗaya ba.

Daga nan za ku gane dalilin da ya sa da yawanmu muka gwada filastar nikotin muka ce ba ta aiki. Tana aiki, sai dai tana tsiyayar da nikotin ta fata sannu a hankali, sai an yi awanni kafin ya taru. Cingam ɗin nikotin yana ɗaukar minti 20 zuwa 30. Mutumin da ya saba da daƙiƙa 15, ka ce masa ya jira rabin awa alhali ashana tana aljihunsa, ka san wanda zai yi nasara. Haɗa biyun, filasta ta riƙe ƙasa, cingam ya tare ƙawar da ke tasowa kwatsam, ya fi amfani da ɗaya kaɗai, kuma ku kun san haka. Ni dai babu wanda ya gaya mini.

Sigarin lantarki ta zamani ta samo asali ne daga wani masanin haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin mai suna Hon Lik, wanda ya ƙirƙiro ta a 2003. Shi kansa mashayi ne, kuma ciwon dajin huhu ne ya yi ajalin mahaifinsa. Tsarinta ba shi da wuya: batir, da murɗaɗɗiyar waya, da lagwanin auduga da ke jiƙe da ruwa. Ruwan haɗi ne na furofilin gilaikol da gilisarin da nikotin da kayan ƙamshi. Idan aka zuƙa, wayar ta yi zafi, yawanci tsakanin digiri 200 zuwa 250, ruwan ya tashi ya zama hazo mai ƙananan ɗigo. Bakin karan sigari kuwa yana kai wa kusan digiri 900 lokacin zuƙa, kuma wannan ƙonewar ce ke haifar da kwalta da iskar kabon monoksaid da sinadarai fiye da 7,000, waɗanda kusan 70 daga cikinsu an san suna jawo ciwon daji. Tun a 1976 wani likita a Landan, Michael Russell, ya faɗi maganar da har yau ake maimaitawa, cewa mutane suna shan taba ne domin nikotin amma kwalta ce ke kashe su. Nikotin ba ruwan sha ba ne, yana ƙara bugun zuciya, yana ɗaga hawan jini na ɗan lokaci, yana kuma ɗaure mutum. Amma mafi yawan gawarwakin da taba ke jawowa, sama da miliyan 7 a shekara a ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, hayaƙi ne ya kwantar da su. Wanda ya ce mini "duk guba ce" ya yi wa abubuwa biyu masu bambancin nauyi kuɗin goro.

To amma inda nake so ku tsaya ku duba da kyau shi ne nan: sunan ɗaya ne, kayan kuwa iri-iri ne, kuma abin da suke kai wa jini ya bambanta nesa ba kusa ba. Na'urorin farko, masu kama da karan sigari, kusan ba sa isar da komai. Gwaje-gwajen da aka yi a wajajen 2010 sun tarar cewa sabon shiga yana iya zuƙarsu jininsa bai nuna wani canjin kirki ba. A 2014 wasu masu bincike a ƙasar Girka sun auna na'urori masu babban batir da ruwa mai ƙarfin miligiram 18 a kowace mililita, suka ga cewa bayan minti 5 abin da ya shiga jini bai wuce kashi ɗaya cikin uku ko cikin huɗu na abin da kara guda ke bayarwa ba. Sai da aka yi kusan minti 35 ana zuƙa kafin aka kamo kara ɗaya. Irin wannan na fara saya. Na yi mata zuƙa goma kamar yadda nake yi wa sigari, na jira natsuwa ta sauko, shiru. Na yanke hukunci cewa wasan yara ce, na jefa ta cikin durowa.

Abin ya sauya a 2015, lokacin da wata na'ura mai suna Juul ta fito a Amurka da abin da ake kira gishirin nikotin. Nikotin tsantsa yana da kaifi, idan ya yi yawa a ruwa yana kartar maƙogwaro har mutum ya kasa zuƙa. Idan aka gauraya shi da asid, kamar asid ɗin benzoyik, sai kaifin ya kwanta. Da wannan dabara aka iya cusa miligiram 59 a kowace mililita ba tare da mai zuƙa ya yi tari ba, kuma nikotin ɗin yana hawa cikin jini da saurin da ya kusa na sigari. Ga mashayi mai kara 30 a rana, wannan ne karo na farko da aka samu abin da ke iya kashe masa ƙawar asuba a kan lokaci. Ga yaron da bai taɓa shan komai ba, an cire masa tarin nan da jirin nan da a da suke korar mutane da yawa tun a karan farko. Dabara ɗaya ce ta yi aikin biyu. Tarayyar Turai ta ƙayyade ƙarfin ruwa a miligiram 20 a mililita, dokar da ta fara aiki a 2016, Birtaniya ma tana kan wannan iyaka. A wuraren da babu irin wannan doka, ana samun mai 50 a hannun kowa.

Saboda haka idan majinyaci ya ce muku yana shan bef, bai gaya muku komai ba tukuna. Ku ce ya ciro ta ku gani. Idan an rubuta kashi 2 cikin 100, miligiram 20 ke nan a mililita. Idan kashi 5 ne, kusan 50 ne ko sama. Ƙaramin tanki mai mililita 2 na ruwa mai ƙarfin 20 yana ɗauke da miligiram 40, ko da yake ba duka ne ke shiga jini ba. Ku tambaye shi kwana nawa yake yi kafin ya ƙare. Ba za ku yarda majinyaci ya ce muku yana shan "maganin hawan jini" ku kyale shi ba tare da kun ji suna da awo ba. Wannan ma haka ya kamata.

Kuskuren da na fi gani, kuma na yi shi da kaina, shi ne farawa da ruwa mai rauni saboda tsoron nikotin. Mutum yana ganin ya yi hankali. Jiki kuwa ya san adadin da yake nema, kuma zai karɓe shi ko ta halin ƙaƙa. Sai ka ga mutum yana tsawaita zuƙa, yana yawaita ta, yana ƙara wa batir wuta. Binciken da aka yi a Landan a kan tsofaffin masu amfani da na'urar ya nuna hakan ƙarara: da aka rage musu ƙarfin ruwa sai suka sha ruwa mai yawa, kuma duk da haka ƙawar ba ta kwanta sosai ba. Yawan ruwa da yawan zafi kuwa suna nufin ƙarin abubuwan da ba a so, irin su sinadarin fomaldihaid mai guba, musamman idan lagwani ya bushe ya fara ƙauri. An gudu gara an faɗa zago. Mafi muni shi ne ranar da ƙawa ta yi ƙarfi, na'ura ta kasa, mutum ya roƙi kara ɗaya a hannun aboki. A ganina, mashayi mai nauyi ya fara da ƙarfin da zai ishe shi, a bar maganar ragewa sai ya yi watanni bai taɓa sigari ba.

Akwai kuma rabin ƙawa da ba ruwanta da jini. Hannu ya saba da zuwa baki. Maƙogwaro ya saba da ɗan dukan nan na hayaƙi. Ido ya saba da ganin abu yana fita daga hanci. An gwada ba mashaya sigarin da aka cire wa kusan dukkan nikotin, ƙawarsu ta ragu na ɗan lokaci. An gwada na'ura mai ruwan da babu nikotin, ita ma ta ɗan rage. Sabo turken wawa, in ji masu iya magana, kuma filasta ba ta san da wannan turken ba. Na'urar lantarki ta san da shi, shi ya sa take kama mashayi ta hannu biyu. Duk da haka kada ku yi mana alkawarin cewa daidai take da sigari, domin makon farko zai ƙaryata ku. Hayaƙin taba yana ɗauke da wasu sinadarai da ke danne wani enzayim, wato sinadarin ƙwaƙwalwa mai rusa dofamin, an ma auna a 1996 cewa nau'i ɗaya na wannan enzayim ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100 a ƙwaƙwalwar mashaya. Hazon na'ura ba ya yin wannan aiki yadda hayaƙi ke yi. Ni abin da na ji shi ne kamar an ba ni abincin da na saba amma an manta da gishiri. Da an gaya mini tun farko cewa haka za a ji, kuma yana raguwa cikin makonni kaɗan, da ban ɗauka na'urar ce ta lalace ba.

Yanzu ga abin da ban taɓa jin wani likita ya ambata ba, alhali shi ne ya fi wahalar da ni. Karan sigari yana ƙarewa. Ka kunna, ka yi minti biyar, wuta ta kai ga tace, ka murƙushe, ka koma bakin aiki. Wari yana tona maka asiri, dole ka fita waje, dole ka nemi wuri. Waɗannan duk shinge ne, kuma ban san suna kare ni ba sai da suka tafi. Na'ura ba ta da ƙarshe. Tana aljihu, ba ta bukatar ashana, ba ta barin toka. Na tsinci kaina ina zuƙa a kan gado kafin in buɗe ido sosai, ina zuƙa ina waya, ina zuƙa a wuraren da a shekara 19 ban taɓa kunna sigari ba. Maimakon hawa da sauka sau 20 a rana, jinina ya koma cike da nikotin daga safe har dare. Ƙawar sigari ta mutu, wannan gaskiya ne, amma na haifi sabbin ɗabi'u a wurare goma. Ranar da batir ya mutu ina kan hanya, hannuna har rawa yake yi. Abin da ya cece ni daga baya dabara ce mai sauƙi: na mayar da shingayen da kaina. Na hana na'urar shiga ɗakin kwana, na daina zuƙa a zaune a inda nake aiki, sai na tashi na fita kamar yadda nake yi a da. Wannan shawara ce da za ku iya bayarwa cikin daƙiƙa talatin.

Na san za ku nemi hujja, to ga ta. A 2019 mujallar New England Journal of Medicine ta buga gwajin da Peter Hajek da abokan aikinsa suka yi a Ingila a kan mashaya 886, dukkansu suna samun shawarwarin ƙwararru. Bayan shekara guda, kashi 18 cikin 100 na waɗanda aka ba na'ura sun bar sigari, a ɓangaren filasta da cingam da danginsu kuwa kashi 9.9. Ninki biyu, kusan. Amma ku karanta layi na gaba: cikin waɗanda suka bar sigari ta hanyar na'ura, kashi 80 cikin 100 suna nan suna zuƙarta bayan shekarar, alhali kashi 9 kacal na ɗaya ɓangaren ne ke ci gaba da nasu maganin. Gwajin Suwizalan da aka buga a 2024, mai mutum 1,246, ya zo da hoto mai kama da wannan: na'ura ta ƙara yawan masu barin taba, amma waɗanda suka rabu da nikotin gaba ɗaya sun fi yawa a ɓangaren da ba a ba su ita ba. Ƙungiyar Cochrane, mai tattara gwaje-gwaje tana tacewa, ta ce a cikin mutum 100 da suka gwada na'ura mai nikotin, 8 zuwa 10 ne ke dainawa, a ɓangaren filasta da cingam kuwa 6. Ku lura da ƙanƙantar lambobin duka. Ko da mafi kyawun kayan aiki, mafi yawan mutane suna faɗuwa a yunƙuri ɗaya. Ni a na shida na tsallake.

Sai maganar raba ƙafa, wadda amsar ma'aikaciyar nan ta biyu ta jefa ni ciki. Mutumin da ya sauko daga kara 20 zuwa 3 yana ganin ya rage haɗari da kashi 85 cikin 100. Zuciya ba ta yin lissafi haka. Wani babban nazari da mujallar likitanci ta BMJ ta buga a 2018 ya nuna cewa mai shan kara ɗaya tak a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya da mai shan 20 yake ɗauke da shi. Ban da haka, kowane kara yana tuna wa ƙwaƙwalwa ainihin abin da take nema, sai na'urar ta koma 'yar rakiya. Idan za ku ce wa mutum "gara wannan", wajibi ne ku ƙarasa maganar: gara wannan idan ka bar waccan gaba ɗaya, kuma ga ranar da za ka bar ta. A nan ma ina tuna muku abin da ku kuka fi ni sani. Hayaƙin taba ne, ba nikotin ba, ke sa hanta saurin narkar da wasu magunguna irin su kulozafin na taɓin hankali da tiyofilin na asma. Majinyacin da ya koma na'ura ya bar hayaƙi, awon maganinsa yana iya yi masa yawa ko da yana cike da nikotin.

Game da wanda bai taɓa shan sigari ba, babu wata doguwar muhawara. Ba shi da ƙawar da za a kashe masa, na'urar ce za ta dasa masa ita. Ƙwaƙwalwa tana ci gaba da ginuwa har wajen shekara 25, kuma a 2019 kashi 27.5 cikin 100 na ɗaliban manyan makarantun sakandare a Amurka sun ce sun zuƙa a cikin kwana 30 da suka wuce. Hazon yana iya ɗaukar ɓurɓushin ƙarfe daga wayar da ke zafi, kayan ƙamshin kuma an amince da yawancinsu ne domin ci, ba domin shaƙa ba. Ruwan kansa guba ne idan ƙaramin yaro ya sha, ku riƙa gaya wa iyaye su kulle shi. Ciwon huhun nan da ya ɓarke a Amurka a 2019, wanda ya kwantar da mutum fiye da 2,800 ya kashe 68, an gano cewa akasari daga wani mai ne da ake kira bitamin E asitet, wanda ake gauraya wa ruwan wiwi na bayan fage. Ku faɗe shi yadda yake. Darasin da ke ciki shi ne a guji ruwan da ba a san wanda ya haɗa shi ba.

Na san su kansu manyan ba su daidaita ba. Ingila ta rungumi na'urar a matsayin hanyar daina taba, har gwamnatinta ta sanar a 2023 cewa za ta raba wa mashaya miliyan ɗaya, sannan a ranar 1 ga Yuni 2025 aka haramta irin waɗanda ake yarwa bayan sun ƙare a faɗin Birtaniya. Indiya ta haramta ta baki ɗaya tun 2019. Ostareliya ta mayar da sayar da ita kantin magani kaɗai a 2024. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyon bayan a sake ta a kasuwa da sunan maganin daina taba, kuma a ƙa'idojin da ta fitar a Yulin 2024 ta lissafa magungunan daina taba, wato bareniklin da saitisin da bufurofiyon da kayan maye gurbin nikotin irin su filasta da cingam, tare da shawarwarin ƙwararru. Ba na neman ku saɓa wa dokar inda kuke aiki. Ku fara da waɗannan magunguna, suna da tarihi mai tsawo da hujja mai ƙarfi. Amma mutumin da ke zaune a gabanku sau da yawa ya riga ya sayi na'urar, tana aljihunsa yana muku magana. Idan kun yi masa tsawa zai daina gaya muku, ba zai daina zuƙa ba.

Roƙona na ƙarshe shi ne kada ku rufe fayil ranar da mutum ya ce ya bar sigari. Ni babu wanda ya ce in dawo, da kaina na lalubo hanyar sauka. Na yi wata 6 a kan ruwa mai ƙarfin 18 ban rage komai ba, sannan na koma 12, na yi wata uku, na koma 6. A nan na yi gaggawa, na tsallaka zuwa sifiri cikin mako biyu, kuma a daren kwana na huɗu na tsinci kaina ina shinshinar hayaƙin wani mutum da ke tsaye kusa da ni, ina jin daɗinsa. Washegari na koma 6, na ƙara wata biyu, sannan 3, har ranar da na fita na manta na'urar a gida ban tuna ba sai la'asar. Da akwai wanda ya ce mini in ƙawar sigari ta dawo in koma matakin baya ba tare da jin kunya ba, da na huta da fargabar dare da yawa.

Har yanzu takan zo mini, sau ɗaya ko biyu a wata, yawanci idan raina ya ɓaci. Takan yi minti uku zuwa biyar ta wuce. Wata mai zuwa zan je a duba mini hawan jini, kuma na yi niyyar tafiya da wannan wasiƙa a buge, in ajiye wa duk wanda na tarar a kan kujera.

Allah ya ƙara muku haƙuri da mu.

Naku,
Wani tsohon mashayi